Farantin Ciyar da Tsuntsaye a Bayan Gida: Tambayoyin da Ake Yawan Yi Min

Tun da na fara ajiye wa tsuntsaye tsaba a bayan gida, tambayoyi kusan iri ɗaya ne ke ta dawowa daga masu son farawa, wasu ma sun riga sun sayi farantin sai daga baya abu ya rikice musu. Shine nace bari in tattara su wuri guda in amsa da abin da na karanta da wanda na gani da idona. Ba sai ka bi a jere ba, ka tsallaka inda matsalarka take, amma don Allah kar ka tsallake maganar ruwa da maganar wanki.

Wai menene farantin nan, kuma me ya raba shi da sauran mazuban tsaba?

Faranti ne kawai shimfiɗaɗɗe mai ɗan baki a gefe huɗu, ka zuba tsaba a kai a fili, tsuntsu ya sauka ya ci. A Ingila teburin tsuntsaye suke ce masa. Sauran mazuban da aka fi sayarwa iri biyu ne, akwai mai kamar bututu da ƙananan ramuka wanda tsuntsu zai maƙale a jiki yana zaro tsaba ɗaya-ɗaya, akwai kuma mai kamar ɗan rumbu da tsabar ke rufe a ciki tana gangarowa kaɗan-kaɗan ta ƙasa.

Su waɗannan biyun sun ɓoye abincin, shi kuwa faranti komai a buɗe yake. Shi yasa tsuntsu ke hango tsabar tun daga sama kuma kowane iri zai iya sauka, babba da ƙarami. Amma fa ruwan sama ma a kai yake sauka, raɓa ma haka, kuma tsuntsun a cikin abincin yake tsaye da ƙafafunsa, nan yake ci nan yake kashi. Duk wata shawara da zan bayar a ƙasa daga wannan ta taso.

Waɗanne tsuntsaye zai jawo min?

Ya danganta da inda kake a duniya, amma dai a ko'ina masu kiwo a ƙasa ne suka fi son sa, wato irin su kurciya, tattabara, gwara da danginsu masu cin tsaba. Kurciya ba ta iya maƙalewa a jikin bututu, jikinta ya yi nauyi kuma ƙafarta ta tafiya ce, to faranti ne kaɗai take sakewa a kai. A Arewacin Amurka masu wannan sha'awa suna ajiye shi ne musamman don jawo wani jan tsuntsu da suke kira kadinal, shi ma yafi son wuri mai faɗi da zai tsaya ya fuskanci abincinsa. In ka ɗora yankakken kayan marmari kuma sai ka ga wasu baƙin da ko kallon tsaba basa yi.

A cikin duka mazuban, faranti ne ke tara nau'i mafi yawa, wannan kam babu musu. Sai dai ba ya zaɓe, wanda kake so da wanda baka so duk zasu zo, akwai tambaya a ƙasa kan manyan tsuntsaye da kuma ta kurege da ɓera.

In abu ɗaya kawai zan duba kafin in saya, me zan duba?

Juya shi ka kalli gindinsa. In katako ne ko roba a toshe babu inda ruwa zai bi, ajiye musu kayansu komai kyansa. Abin da kake nema shine gindi na raga, ko dai ragar ƙarfe mai ƙananan idanu ko falle mai huji-huji ko'ina, yadda ruwa zai zube nan take kuma iska ta riƙa shiga ta ƙasa tana busar da tsabar. Wasu suna huda ramuka huɗu a kusurwa suce ai akwai magudana, wallahi kwana biyu ɓawon tsaba ya toshe su.

Na farkon da na saya irin wannan ne, mai gindin katako, an masa ado sosai kuma mai shagon ya tabbatar min ruwa baya zama a ciki. Aka yi ruwa kwana biyu a jere ban leƙa ba, ranar na uku da na je sai na tarar tsabar ta cure ta zama dunƙule ɗaya, na sa yatsa na ɗago gefe sai ga fumfuna fari-fari kamar auduga a ƙasa, wasu ƙwayoyin har sun fara tsiro, ga wani tsami da ya bugi hancina. Abin da ya fi tayar min da hankali shine ta sama tsabar ta bushe, da ido ba zaka ce komai ba, kuma tsuntsaye na ta ci a kai. Ranar na sauke shi ban sake maida shi ba.

Bayan ragar, duba ko tana zarewa. Wanda gindinsa ke fitowa kamar durowa ka kai famfo ka wanke ka maida, shi zaka riƙa wankewa da gaske. Wanda sai ka kwance kusa ko ka ɗauko tsani, mako biyu zaka fara cewa sai gobe.

Katako, roba ko ƙarfe, wanne ya fi?

Katako ya fi kyau a ido kuma tsuntsu na samun riƙo mai kyau a bakinsa. In katako zaka ɗauka nemi mai jure ruwa da kansa kamar na itacen sida (cedar), kar ka ɗauki wanda aka jiƙa da maganin gara ko aka shafe cikinsa da fenti, tunda a nan abincin zai zauna. Aibin katako dai yana shan ruwa, yana tsagewa, kuma datti na shiga tsagar inda buroshi baya kaiwa.

Roba mai kauri irin wadda ake yi da robobin da aka sake narkawa, ni a wurina ita ce ta fi sauƙin sha'ani, bata ruɓewa bata shan ruwa kuma wanka ɗaya ta fita fes. Amma ka bambanta ta da siririyar roba mai sheƙi, wannan rana na gasa ta shekara guda ta fara karyewa. Ƙarfe kuma in ba mai hana tsatsa bane zai ci tsatsa ta wajen haɗin, sannan in a rana tsaka yake yana ɗaukar zafi. Wanda na fi yarda da shi shine jiki na roba mai kauri ko sida, gindi na ragar ƙarfe marar tsatsa.

Mai rufi zan saya ko marar rufi?

In wurinku ana ruwa sosai ko ƙanƙara na sauka, mai rufi ya fi. Amma ka duba abu biyu. Rufin ya zarce bakin farantin sosai ta kowane gefe, don ruwa da iska a karkace yake zuwa, rufin da yake daidai da faɗin faranti ado ne kawai. Sannan ya zama akwai tazara mai kyau tsakanin rufi da faranti, don tsuntsu baya son shiga inda baya ganin sama da gefensa, kullum a cikin tsoron shaho yake. Marar rufi tsuntsaye sun fi saurin gano shi kuma kai ma ka fi ganinsu da kyau.

Rufi baya maye gurbin raga fa, wannan kuskuren ana yawan yi. Raɓa da laima suna shiga ko da rufi. Akwai masu rufin da ake ɗagawa a sauke, wannan yana da wani amfani daban, duba amsar kan manyan tsuntsaye.

Wane girma ya dace?

Matsakaici, kamar santimita 30 zuwa 40 kowane gefe ya ishi gida ɗaya. Babba sosai yana sa mutum ya riƙa cika tsaba fiye da kima kuma ɗaukarsa zuwa wanki aiki ne. Bakin ya kai kamar santimita 2 zuwa 4, yadda iska ba zata share tsabar ba, in ya yi zurfi da yawa kuma ƙananan tsuntsaye basa ganin waje in sun sunkuya. In tsuntsayen sun yi yawa gara faranti biyu nesa da juna da babba guda ɗaya, dalilin yana cikin amsar kan cuta.

Rataye shi zan yi, ko kan sanda, ko a ƙasa?

Na ratayewa shi yafi sauƙi, sarƙa uku ko huɗu da ƙugiya shikenan, sai dai yana lilo, iska mai ƙarfi ko tattabara biyu su sauka gefe ɗaya sai tsaba ta zube. Mai gajerun ƙafafu da ake ajiyewa dab da ƙasa kuma masu kiwo a ƙasa suna matuƙar son sa, amma in akwai kyanwa a unguwar ko ɓeraye to ka haƙura da shi, ka shirya musu tarko ne kawai da hannunka.

Ni kan sanda nake ba mutane shawara. Fayif na ƙarfe mai santsi, a kafa shi da kyau ya tsaya cak, farantin ya kai wajen mita ɗaya da rabi daga ƙasa. A wannan tsayin hannunka na kaiwa ba tare da ka taka komai ba, kana iya leƙa ciki kullum, kuma akwai wurin da zaka ɗaura abin hana kurege hawa. Sandan katako kam kyanwa ma hawa take.

A wane gefen gida zan kafa shi?

Abu na farko gilashin taga. Tsuntsu baya gane gilashi, hoton sama da bishiya yake gani a jiki, in wani abu ya firgita su suka watse a guje sai ya doki tagar da ƙarfinsa. Ba ƙaramin abu bane, wani ƙiyasi da masu bincike suka fitar a 2014 ya nuna tsakanin tsuntsaye miliyan 365 zuwa miliyan 988 ke mutuwa duk shekara a Amurka kaɗai ta hanyar karo da gine-gine. Shawarar da aka daɗe ana bayarwa ita ce ko dai ka sa farantin dab da taga, ƙasa da mita 1, yadda ko ya tashi a firgice bai ɗauki gudun da zai ji ciwo ba, ko kuma ka kai shi nesa kamar mita 10. Tsakiyar nan ita ce mai haɗari. In kuma gidan bai da wannan faɗin, sai ka yi wa gilashin alama ta waje, ɗigo-ɗigo ko layuka kusa da juna, ko ka sa ragar taga.

Na biyu mafaka. Suna son bishiya ko shuke-shuke kusa da zasu faɗa ciki in shaho ya kawo farmaki, amma in farantin ya manne da duhuwar ganye to kyanwa ce zata laɓe a nan. Wajen mita 3 tsakaninsu ya yi daidai. Ka kuma zaɓi inda ƙasansa ke sharuwa, kuma inda kai kanka kake gani daga wurin zamanka, don farantin da baka gani mantawa zaka yi da shi. In kana kiwon kaji ko agwagi, ka nesanta shi da su sosai saboda murar tsuntsaye, in ma an sanar da ɓullarta a yankinku gara ka sauke shi gaba ɗaya.

Wace tsaba zan zuba, kuma nawa?

Baƙin irin sanfulawa mai mai shine kusan kowane mai cin tsaba ke so, ɓawonsa siriri ne ƙananan baki ma suna fasawa. Farin gero ƙanana kuma na kurciya da gwara ne. Ɓarzajjiyar masara tana jawo manya, amma tana saurin lalacewa in ta jiƙa. Gyaɗa ana sa wa, sai dai marar gishiri, busasshiya mai tsabta, don gyaɗa da masara in suka yi fumfuna suna haifar da gubar nan afulatoksin da ke lalata hanta, kuma lokacin da suke da 'ya'ya a sheƙa ka farfasa ta tukuna kar uwa ta kai wa ɗanta guda ya shaƙe. Gaurayen tsaba mai arha yawanci an cika shi da abin da tsuntsayen yankinka ba lallai su ci ba, sai su riƙa watsar da shi ƙasa suna neman na so, wanda aka watsar ɗin nan shi ke kiran ɓera. Burodi kuma cika ciki ne kawai, ba wani amfani, abinci mai gishiri ko wanda ya fara lalacewa kam sam.

Yawan kuwa, iya abin da zasu cinye a yini ɗaya. Wannan ita ce doka ta ta biyu bayan raga. Ka fara da cikin tafin hannu ɗaya da safe, da yamma ka leƙa, in ya ƙare tas ka ɗan ƙara gobe, in ya rage ka rage. Nasan zuciya na son ganin faranti cike taf, ni ma haka nake da farko, amma tsabar da ta kwana biyu a fili an taka ta an yi kashi a kai ba alheri kake musu da ita ba. Kuma kar ka zuba sabuwa kan tsohuwa, ka kakkaɓe tukuna.

Gaskiya ne faranti yana yaɗa cuta tsakanin tsuntsaye?

Gaskiya ne, kuma bana son in ɓoye wa kowa wannan don kawai ina son abin. Akwai wata cuta trikomonosis, wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta mai suna Trichomonas gallinae da aka daɗe da sani a jikin tattabaru da kurciyoyi, masu kiwon tattabara sun san ta. Tana kama maƙogwaro ya kumbura har tsuntsu ya kasa haɗiya, sai ya ɗauki tsaba ya juya ta a baki ya tofar da ita da yawunsa, wani lafiyayye ya zo ya ɗauki wannan ƙwayar tsabar. A kan faranti tsabar da aka tofar tana nan cikin sauran, in da laima kuma ƙwayar cutar bata saurin mutuwa. A Birtaniya cutar ta ɓulla cikin ƙananan tsuntsayen lambu a 2005, ta yi wa wani ɗan koren tsuntsu mai kaurin baki da suke kira greenfinch mummunar ɓarna, har a 2021 aka sa shi cikin jan jerin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu a ƙasar. A farkon 2025 kuma ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ta dakatar da sayar da tebura da sauran mazubai masu shimfiɗaɗɗen gindi saboda wannan damuwar. Ƙungiyar da aikinta kenan ta janye kayan da take samun kuɗi da su, kaga abin ba wasa bane.

Akwai kuma salmonela mai bin kashi, a hunturun 2020 zuwa 2021 ta kashe ƙananan tsuntsaye da yawa a yammacin Amurka kuma har mutane ta kama. Su ma na bututun ba wai sun tsira bane, ciwon idon da aka fara gani a 1994 a gabashin Amurka jikin tsuntsun house finch ana danganta yaɗuwarsa da goga fuska a bakin ramukan mazubi. Duk inda ka tara tsuntsaye da yawa a ɗan wuri kullum, ka buɗe wa cuta hanya.

To a daina kenan? In kana yankin da trikomonosis ke yawo ko hukumomin namun daji sun ce a sauke, ka bi maganarsu. In ba haka ba, ra'ayina shine faranti na mutumin da zai iya leƙa shi kullum ne, ya zuba kaɗan, ya kakkaɓe, ya wanke. In ka san aikinka ko tafiye-tafiyenka ba zasu bari ba, ka ɗauki na bututu ko ka shuka musu tsirrai masu 'ya'ya da tsaba su ci abinsu a warwatse, babu laifi ko kaɗan.

Yaya ake wanke shi, kuma sau nawa?

Kullum ka kakkaɓe ɓawo da kashi kafin ka zuba sabuwa, minti ɗaya ne. Wanki sosai kuma, masu shirin ƙidayar tsuntsaye na FeederWatch na jami'ar Cornell ta Amurka suna cewa kamar duk mako biyu ga mazubai gaba ɗaya, a ƙara yawansa lokacin damshi ko cunkoso. Faranti dai ni duk mako nake wanke nawa.

Ka fara kankare busasshen datti da buroshi, ka wanke da sabulu da ruwan ɗumi, don bilic baya aiki a kan datti. Sai ka haɗa bilic kashi 1 da ruwa kashi 9 ka jiƙa shi minti 10, ka ɗauraye sosai har warin ya fita, sannan ka shanya ya bushe ƙarau kafin ka zuba tsaba. Bushewar nan rabin maganin ce, kar ka yi gaggawa. Shi yasa wasu ke ajiye raga biyu, ɗaya na aiki ɗaya na shanya. Ka sa safar hannu, ka ware masa buroshi da bokitinsa, a waje zaka wanke ba inda ake wanke kwanukan abinci ba, in ka gama ka wanke hannunka da sabulu. Ƙasan farantin ma ka share, can ne datti ya fi taruwa, in da hali ka riƙa ɗan matsar da shi lokaci-lokaci.

Na ga wani tsuntsu ya takure a kan farantin baya gudu, me zan yi?

Lafiyayyen tsuntsu baya bari ka matso. In ka ga ya kumbura gashinsa ya zauna shiru, ido a lumshe ko a kumbure, gashin wajen bakinsa a jiƙe da tsaba manne, yana ta ƙoƙarin haɗiya, to bashi da lafiya. Na taɓa tsayawa taki biyu da wata 'yar gwara a haka, tana ɗaukar tsaba tana saki tana ɗauka tana saki, sauran na ci a gefenta. Tausayi zai ce ka ƙara mata abinci, amma abin da ya dace shine ka sauke farantin a ranar, har da kwanon ruwa in akwai, ka zubar da tsabar cikin shara, ka wanke kamar yadda na faɗa a sama, ka bar wurin babu komai aƙalla mako biyu don taron ya watse. In ka tsinci matacce kar ka taɓa da hannu tsirara, ka sa leda, kuma in sun yi yawa ka sanar da hukumar dabbobi ko ta namun daji ta inda kake.

Kurege da ɓeraye sun addabe ni, akwai dabara?

Kurege gwanin tsalle ne, yana iya tashi sama da mita ɗaya daga ƙasa, ya kuma yi tsallen mita biyu ko fiye daga reshe ko katanga. Don haka sandan ya yi nesa da duk abin da zai taka kamar mita 3, sannan ka ɗaura garkuwa a jikin sandan ƙasa da farantin, mai siffar mazurari a kife ko faffaɗan bututu mai lilo, samanta ya kai wajen mita ɗaya da rabi. In ya hau sai ya tarar da rufi a kansa. Kar ka shafa wa sanda man girki ko giris, yana ɓata gashin tsuntsu da na dabbar. Akwai tsabar da ake gaurayawa da barkono tunda tsuntsu baya jin yaji su kuwa masu shayarwa suna ji, wasu na samun sauƙi da ita, amma garkuwa ta fi tabbas.

Ɓera kuma ba farantin ne ke kiransa ba, abin da ya zube ƙasa ya kwana ne. In kana zuba na yini ɗaya kana share ƙasa da yamma, buhun tsabar kuma yana cikin durom mai murfi, da wuya ya samu dalilin zama. In ya riga ya saba, ka dakatar da ciyarwar na wasu makonni. Kar ka sa guba, shaho ko mujiya ko kyanwar maƙwabta ce zata ci ɓeran da ya sha.

Tattabaru da hankaki sun mamaye, ƙananan basa samun wuri

Nan ne rufi mai saukowa ke aiki, ka sauke shi har tazarar ta yi wa manya kaɗan su kasa shiga. Ko kuma ka kifa keji na waya mai faɗin ido kamar santimita 4 a kan farantin, ƙanana su wuce ta ciki manya su tsaya a waje. Cire masara da gero ma na rage su. Ni dai bana korar kurciya, ina son kukanta da safe, abin da nake yi shine in ajiye wa ƙananan na bututu can gefe guda.

Zan iya haɗa nawa ko sai na saya?

Sosai ma, kuma sau da yawa na gida ya fi na kanti tunda kai ka san abin da kake nema. Katako huɗu a haɗa kamar firam, a ja ragar ƙarfe a ƙasa a ɗaure ta tam, a sa sanda ɗaya ko biyu a gicciye ƙarƙashinta don kar ta lotsa. Kowane kafinta zai yi maka cikin ɗan lokaci. Ka dai tabbata bakin ragar baya waje, a naɗe shi ko a danne da siririn katako, don tsinin waya na yanke ƙafar tsuntsu, kuma kar a bar wata tsaga da farce zai maƙale. Ragar roba ta sauro bata daɗewa, baki da farce na yaga ta.

In na yi tafiya ko na daina, yunwa ba zata kashe su ba?

Mutane na damuwa da wannan ƙwarai, har wasu su ƙi sauke faranti lokacin cuta saboda shi. Tsuntsun daji ba a wuri ɗaya yake ci ba, yana da zagayensa, naka tasha ɗaya ce cikin da yawa. Wani bincike da aka yi a jihar Wisconsin ta Amurka kan ɗan tsuntsun nan chickadee ya nuna wajen kashi ɗaya cikin biyar na abincinsu na yini kawai suke samu daga mazubi ko a hunturu, sauran da kansu suke nema. In zaka yi tafiya ka bar farantin wanke kuma babu komai a kai, ya fi ka tula tsabar mako guda ka tafi. A wuraren da sanyi ke tsananta sosai ne kawai zan ce in da wanda zai riƙa zuba musu kaɗan kullum, to ya yi.

Na kafa shi kwana biyar ko tsuntsu ɗaya bai sauka ba, na yi kuskure ne?

Wataƙila baka yi ba. Sabon abu ne a wurinsu kuma suna da tsoro, wani lokacin kwana biyu, wani lokacin sai an yi makonni. Da ido suke neman abinci, to ka tabbata ana hango tsabar daga sama, in mai rufi ne ka ɗan watsa kaɗan a kan rufin ko a ƙasa kusa da sandan na kwanakin farko kawai. Kwanon ruwa marar zurfi a kusa yana jawo su fiye da yadda kake zato, sai dai shi ma kullum ake sauya ruwan. Ka duba ko tsabar tsohuwa ce, ka shinshina, in tana warin maiƙo ko akwai ƙwari a ciki ka sauya. Ka duba ko kyanwa na kwanciya a wurin, ko farantin na tsakiyar fili babu bishiya ko ɗaya kusa. Akwai kuma lokutan shekara da abinci ya wadata a daji, ba zasu kula ka ba sai ya ja baya.

Kar ka riƙa matsar da shi kullum, ka bar shi wuri ɗaya mako biyu tukuna, kana sauya 'yar tsabar ko ba a taɓa ba. Yawanci guda ɗaya ne zai fara zuwa, ya sauka kan reshe ya daɗe yana karkata kai yana kallo, ya diro ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya gudu. In ka ga haka kar ka fito, ka tsaya daga cikin ɗaki, da sassafe ne suka fi zuwa kuma gobe ba shi kaɗai zai dawo ba.